Wa Zai Ba Da Shekara Talatin Domin Mu San Matasanmu?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina a kan maganar matasa, wadda ta cika shafukan jaridarku a 'yan watannin nan. Da wuya a yi fitowa ɗaya ba a kawo labarin ƙwacen waya ba, ko faɗan daba, ko kamen masu sayar da ƙwaya, kuma duk wanda aka tambaya yana da maganin da zai bayar nan take. Wani ya ce a tsananta hukunci, wani ya ce laifin iyaye ne, wani ya ɗora wa talauci, wani kuma ya ce wayar hannu ce ta rusa tarbiyya. Ni malamin jami'a ne, na shafe fiye da shekara ashirin a tsangayar ilimi ina koyar da halayyar yara da matasa ga ɗaliban da za su zama malaman makaranta, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne nauyin da nake ganin ya rataya a wuyanmu. Kamata ya yi a ce mu ake tambaya, mu kuma mu amsa da hujjar da muka tattara a unguwannin nan namu, amma hujjar da ke hannunmu ba ta taka kara ta karya ba, kuma dalilin hakan yana cikin yadda aka tsara rayuwar mai bincike a jami'o'inmu.

Hausawa suna da maganganu biyu a kan yaro mai ƙiriniya, kuma idan aka jera su sai a ga kamar suna karo da juna. Muna cewa ƙuruciya dangin hauka, wato abu ne mai wucewa, a yi haƙuri da yaro zai yi hankali. Muna kuma cewa hali zanen dutse, wato wanda ya taso da shi da shi zai mutu. Duk dattijon da ya daɗe a unguwa ya ga gaskiyar kowace daga cikinsu, ni ma na gani. Lokacin da na fara aiki, akwai wasu samari biyu a layinmu, dukansu 'yan wajen shekara 17, a lungu ɗaya suke kwana, wuƙa iri ɗaya suke sokewa a ƙugu, kuma a mota ɗaya 'yan sanda suka kwashe su ranar da aka yi wani faɗa bayan sallar isha'i. Ɗayansu yau mai walda ne a bakin titi, da yara huɗu suna koyon aiki a hannunsa, kuma kullum da yamma nakan gan shi ya goyo 'yarsa a babur zai kai ta Islamiyya. Ɗayan kuwa tun daga wancan lokaci shiga da fita yake a gidan yari, kuma waɗanda suka san shi tun yana ƙarami sun ce tun yana aji ɗaya na firamare yake fasa wa yara kai, bai taɓa iya karatu ba, ba kuma wanda ya taɓa zaunar da shi a gida. Da a ce an ɗauki hotonsu a daren da aka kama su, ba wanda zai iya nuna wanda zai shiryu da wanda zai ɗore. Ba a gane bambancinsu sai an san daga inda kowanne ya taso, an kuma bi shi an ga inda ya ƙare. Wannan bin sawun, na shekara da shekaru, shi ne aikin da nake son in yi magana a kansa, domin akwai mutanen da suka mai da shi sana'ar rayuwarsu gaba ɗaya.

A kudancin ƙasar Niyu Zilan akwai wani gari mai suna Dunedin, inda Jami'ar Otago take. Wani tsohon malamin firamare da ya koma nazarin halayyar yara, Phil Silva, ya tattara yaran da aka haifa a asibitin haihuwa na garin tsakanin Afrilun 1972 da Maris na 1973, ya duba lafiyarsu da wayonsu lokacin da suka cika shekara 3. Yara 1,037 ne. Aikin ya fara da kuɗi kaɗan da taimakon 'yan sa-kai, amma bai tsaya ba. An sake kiran yaran suna da shekara 5, da 7, da 9, da 11, da 13, da 15, sannan 18, da 21, da 26, da 32, da 38, har zuwa 45. Bayan sun girma, duk kira mutum yakan wuni guda a hannun masu binciken, a auna zuciyarsa da huhunsa da haƙoransa, a ɗebi jininsa, sannan a zauna da shi a tambaye shi zancen aiki da aure da bashi da abin da yake sha da laifin da ya aikata wanda ba a kama shi ba. Wanda ya yi ƙaura zuwa wata ƙasa a biya masa kuɗin jirgi ya dawo, wanda yake kurkuku a je a same shi a can. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, a kiran shekara 45, kashi 94 cikin ɗari na waɗanda ke raye sun amsa. Ba tilasta musu aka yi ba. Sun amsa ne saboda a duk tsawon shekarun nan abin da suka faɗa bai taɓa komawa kunnen iyayensu ko matansu ko 'yan sanda ba, har suka saki jiki suna faɗin abin da ba za su faɗa wa kowa ba. Silva ya riƙe ragamar aikin har ya miƙa wa Richie Poulton a 2000, shi kuma ya riƙe har rasuwarsa a 2023. Aikin ya fi ƙarfin rayuwar aikin mutum ɗaya, sai da aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu.

A tsakiyar shekarun 1980, lokacin da yaran suke da shekara 13, wata matashiyar Ba'amurkiya da ba ta daɗe da kammala digirin digirgir ba, Terrie Moffitt, ta shiga aikin domin ta nazarci masu aikata laifi a cikinsu. Yau shekara kusan arba'in ke nan tana tare da waɗannan mutane, ita da mijinta Avshalom Caspi, duk da cewa kujerunsu na farfesa suna Jami'ar Duke a Amurka da King's College a Landan. An daɗe da sanin cewa aikata laifi yakan yi tashin gwauron zabi a wajen shekara 17, sannan ya faɗi warwas a farkon shekaru ashirin, amma ba a fahimci dalili ba. A 1993 Moffitt ta fitar da maƙalar da ta yi suna da ita, inda ta ce masu laifin nan da ake gani a dunƙule ba iri ɗaya ba ne, kashi biyu ne. Akwai 'yan tsiraru, waɗanda ba su wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na maza ba, da matsalarsu take farawa tun suna 'yan shekara uku ko huɗu. Sukan zo da jinkirin magana da raunin fahimta da rashin iya danne zuciya, sai kuma su faɗo gidan da ake duka ba lissafi ko gidan da ba mai kula, abu ya haɗu ya yi ta ruruwa, daga cizo a wajen wasa zuwa sata a makaranta, zuwa fashi, zuwa dukan iyali. Sai kuma mafi yawa, waɗanda suka yi ƙuruciyarsu lafiya lau, ba su fara fitina ba sai da tashen balaga ya zo, kuma galibinsu sukan watsar idan suka sami aiki da aure da abin da za su ji tsoron rasawa. A lokacin samartaka ne kawai ɓangarorin biyu suke haɗuwa a lungu ɗaya, na biyun suna kwaikwayon na farkon, har ido ya kasa raba su. A 2007 an ba ta lambar yabo ta Stockholm, wadda ake ba manyan masana ilimin laifuka. Ashe maganganun nan biyu na kakanninmu duk gaskiya ne, sai dai kowace da mutanenta.

Dalilin da ta bayar na fitinar kashi na biyu shi ne ya fi tsaya mini a rai. Ta ce akwai tazara tsakanin lokacin da jikin yaro yake balaga da lokacin da jama'a suke karɓarsa a matsayin babba mai aiki da gida da faɗa a ji, kuma a cikin wannan tazarar ne yaro yake neman wata hanyar nuna cewa shi ma ya kawo ƙarfi. Wannan bambanci ba baƙo ba ne a wurin Musulmi. A aya ta 6 ta Suratun Nisa'i, Allah bai ce a miƙa wa maraya dukiyarsa da zarar ya isa aure ba, sai an jarraba shi an ga rushdu a tare da shi, wato balagar jiki daban, cikar hankali daban. Idan muka dubi kanmu, kakanninmu a ƙauye suna da gayaunarsu tun kafin su cika ashirin, a yi musu aure, a yanka musu ɗaki a cikin gida. Jikokinsu a birni kuwa sukan balaga a shekara 13 ko 14, amma sai ka tarar da mutum ya doshi talatin yana kwana a shagon soro, ba sana'a tsayayya, ba halin haɗa lefe, ba wanda yake shawara da shi. Ina kyautata zaton tazarar nan ta fi tsawo a wurinmu fiye da inda aka yi binciken, kuma wannan zato shi kansa abin a auna ne, ba abin a yi ta maimaitawa a taro ba.

Moffitt ta kuma yi gargaɗin cewa shiryuwar kashi na biyun ba tabbas ba ce, domin akwai tarkuna da kan riƙe yaro a hanyar da da zai bari: zaman kurkuku da tabon da yake bari, kamuwa da ƙwaya, korar makaranta, ciki ba shiri. Da aka sake duba mazan suna da shekara 26, an tarar da yawa daga cikin waɗanda aka zaci za su watsar har lokacin suna fama da shaye-shaye da matsalar kuɗi, kuma masu binciken ba su ɓoye wannan ba, sun buga shi kamar yadda suka gan shi. Daga aikin nan ne kuma aka gano cewa, cikin waɗanda aka samu da larurar ƙwaƙwalwa suna da shekara 26, rabinsu an riga an ga larurar tun kafin su cika 15, kusan kashi uku cikin huɗu kuma kafin su cika 18. A 2016 suka nuna cewa kashi 22 cikin ɗari na mutanen su ne ke da kashi 81 cikin ɗari na duk hukuncin da kotu ta yanke wa rukunin. Duk mai hankali zai ga abin da wannan yake nufi ga mai mulki. Idan ka kwashi ɗan shekara 17 da tashen balaga ya ruɗa ka kulle shi wata shida yana jiran shari'a tare da riƙaƙƙun 'yan fashi, kai da kanka ka ɗana masa tarkon. Idan kuma ka jira sai ɗan tsirarun nan ya kai shekara 17 kafin ka waiwaye shi, ka makara da fiye da shekara goma, domin a ajin rainon yara da farkon firamare ya kamata a tare shi. Magani ɗaya ba zai yi wa su biyun ba.

Sai dai ban rubuto domin in ce mu kwafo sakamakon Dunedin mu liƙa wa Kano ko Gombe ko Maraɗi ba. Yaran can galibinsu Turawa ne, a ƙasar da kowane yaro yake zuwa makaranta, gwamnati kuma take tallafa wa marar aiki. Ba su san almajirci ba, ba su san talla ba, ba su san gidan da mata uku ko huɗu da 'ya'ya ashirin suke zaune ba, ba su kuma san irin rumfar da dangi da maƙwabta da malamin allo suke yi wa yaro a wurinmu ba. A 2008 wani masani Ba'amurke, Jeffrey Arnett, ya bi manyan mujallu shida na ilimin halayyar ɗan Adam ya ƙirga waɗanda aka yi binciken a kansu, ya tarar kashi 68 cikin ɗari Amurkawa ne, na Afirka kuwa ba su kai kashi 1 ba. Littattafan da nake koyarwa da su daga wannan rijiyar aka ɗebo su. Nakan tsaya gaban aji ina bayanin matakan girman matashi, ina kallon fuskokin ɗalibaina, na san cewa rabin abin da nake faɗa ba rayuwarsu yake siffantawa ba.

Kada kuma a ce aikin na ƙasashe masu arziki ne kawai. A garin Pelotas na Burazil an fara bin yara 5,914 da aka haifa a 1982, har suka girma suka haifi nasu. Mafi kusa da mu kuma, a Afirka ta Kudu, makonni kaɗan bayan sakin Nelson Mandela daga kurkuku a Fabrairun 1990, masana suka rubuta jarirai 3,273 da aka haifa a Soweto da Johannesburg cikin mako bakwai, har ake kiransu 'ya'yan Mandela. Da farko niyyar shekara goma aka yi, sai aka ƙara zuwa ashirin, har aka haura talatin. Farfesa Linda Richter ta Jami'ar Witwatersrand, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa aikin, ta tsufa tare da shi. Sun yi aikin a unguwannin da mutane suke yawan sauya gida, ake kai yaro riƙo ƙauye wurin kaka, ake kuma zaman ɗar-ɗar na siyasa, amma bayan shekara ashirin suna tare da kusan kashi 70 cikin ɗari na yaran. Da suka tattara abin da yaran da iyayensu suka faɗa tsawon shekaru a kan duka da tashin hankali, sai suka tarar kashi 1 cikin ɗari ne kacal bai taɓa gani ko ɗanɗana wani nau'insa ba a gida ko makaranta ko unguwa. Magana irin wannan ba a musanta ta da baki, domin an bi yaran ne ɗaya bayan ɗaya.

To mu me muke yi? Bari in faɗi abin da nake gani a teburina duk ƙarshen zango. Ɗalibi yakan shigo da kundin kammala karatunsa, an ɗaure shi da baƙin bango da rubutun ruwan zinare, kansa kuma abubuwan da ke jawo shaye-shaye tsakanin matasa a ƙaramar hukumarsu. Idan na buɗe, sai in tarar takardar tambayoyi ce da Turanci ya raba cikin mako biyu, mai amsa ya zaɓi ya yarda ko bai yarda ba, kuma 'yan makarantar sakandare ya raba wa saboda su ne masu sauƙin samu, alhali yaran da ake magana a kansu suna bayan tasha ko cikin kango, ba wanda ya je wurinsu. Na taɓa jera takardun wani ɗalibi a kan tebur na ga rubutun hannu ɗaya ne a kan kusan talatin daga cikinsu. Da na tambaye shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Malam, ba ni da kuɗin motar komawa ƙauyukan, lokaci kuma ya ƙure.” Ban ga laifinsa shi kaɗai ba, domin abin da ya ga manyansa suna yi ke nan a ɗan tsabtace. Ƙarin girma a jami'a da yawan maƙalu ake samunsa, a ƙirga su duk bayan shekara uku, kuma wanda ya raba takardar tambayoyi sau goma ya buga maƙala goma zai zama farfesa ya bar wanda ya tsaya bin yara ɗari biyar yana jiran su girma. Tsarin da kansa yana hukunta mai haƙuri.

Akwai wata abokiyar aikina, matashiya mai himma, da ta yi ƙoƙarin saɓa wa wannan al'ada. Ta rubuta yara 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare a makarantu uku, da niyyar ta riƙa komawa wurinsu duk shekara har su yi aure. Na ga littafin da take rubuta su, kowane yaro da sunan unguwarsu, da sunan mai unguwa, da lambar wayar kawu ko yaya, har da kwatancen gida irin na “bayan injin niƙa, ƙofa mai shuɗin fenti”. Da albashinta take zuba mai a mota, take saya wa yaran biro da littafi. Ta yi zagaye biyu, sai yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya zo ya ci wata takwas, albashi ya tsaya. Da ta koma, wasu 'yan matan an aurar da su wasu garuruwa, wasu samarin sun tafi Legas da Abuja neman kuɗi, lambobin waya da yawa sun daina shiga. Ba ta da ma'aikaci ko ɗaya da zai bi sawunsu, lokacin ƙarin girmanta kuma ya gabato. Littafin yana nan a durowarta, ta koma rubuta gajerun maƙalu kamar kowa. Duk lokacin da na tuna, sai in ji takaicin abin da muka rasa, domin yaran nan yanzu suna cikin shekarun da ake ta muhawara a kansu.

Ba wai ba a taɓa nazarin matasanmu da kyau ba. Enid Schildkrout ta zauna a Kano a shekarun 1970 ta nazarci talla da aikin yara, Hannah Hoechner ta yi zama tare da almajirai a Kano, Adeline Masquelier kuma ta nazarci zaman fada na samarin Nijar, wanda yake daidai da majalisa a wurinmu. Aikinsu yana da daraja, amma da Turanci aka buga shi a ƙasashen waje, kuma tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu ita ce me ya sa baƙo yake samun kuɗi da lokacin zama da yaranmu, ɗan gida kuma ba ya samu. A Ibadan, Farfesa Olayinka Omigbodun ta kafa cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa da take horar da ma'aikata daga ƙasashen Afirka da dama, wanda ya nuna cewa a cikin jami'ar Nijeriya ma ana iya gina abu mai ɗorewa idan an sami mai tsayawa a kai. A ƙasarmu ta Hausa ma an taɓa yin binciken bin sawu. Tsakanin 1969 da 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun bi mutanen ƙauyukan Garki, da ke Jihar Jigawa a yau, suna komawa gare su a kai a kai domin nazarin zazzabin cizon sauro, kuma har gobe masana a duniya suna amfani da abin da aka tattara a can. Idan an iya yi saboda sauro, ban ga abin da zai hana a yi saboda 'ya'yanmu ba.

Na san akwai wahalhalu da suka keɓanta da mu. Haihuwa da yawa a gida ake yi, don haka rajistar asibiti kaɗai ba za ta wadatar ba, sai an haɗa da unguwarzoma da masu unguwanni da limaman da suke raɗa suna. Namiji ba zai shiga gidan aure ya zauna da matar wani yana yi mata tambayoyi ba, don haka dole rabin ma'aikatan su zama mata, kuma da Hausa za a yi hirar, da kalmomin da yaran suke amfani da su a tsakaninsu. Babbar wahalar kuwa ita ce amana. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma kowa ya ga yadda rashin yarda ya tsayar da rigakafin shan-inna a 2003. Duk wanda zai zo ya ce zai rubuta sunan jariri ya bi shi shekara talatin, dole ya zama ɗan gari da aka san gidansu, ya yi bayani a gaban iyaye da malamai da sarakuna, ya riƙa dawowa yana faɗa wa mutane abin da ya gano ta rediyo da harshensu, kuma ya riƙe sirri ko da hukuma ce ta nema. Ranar da abin da yaro ya faɗa ya isa ofishin 'yan sanda, ranar aikin ya mutu.

Saboda haka ina kira ga Jami'ar Bayero, da Ahmadu Bello, da Usmanu Danfodiyo, da ta Maiduguri, da takwarorinsu na Yamai da Maraɗi da Damagaram, su haɗa likitocin yara da masana halayya da masana zamantakewa da malaman addini su fara aiki ɗaya irin wannan, ko da da yara dubu biyu ne, rabi a birni rabi a ƙauye. Hukumomin jami'o'i su gyara ƙa'idar ƙarin girma yadda shekarun da malami ya yi yana riƙe da irin wannan aiki za su shiga lissafi, kada a bar shi a baya saboda bai tara tulin maƙalu ba. Asusun tallafa wa manyan makarantu, wato TETFund, ya ware wani kaso da za a riƙa sabuntawa duk shekara biyar ga aikin da ya nuna yana riƙe da mutanensa, domin tallafin shekara biyu ba ya raino. Tun da kuma kasafin gwamnati yana sauyawa da sauyin gwamna, ina ganin hanyar da ta fi dacewa da mu ita ce waƙafi. Attajiranmu suna gina masallatai da rijiyoyin burtsatse, Allah ya saka musu da alheri, kuma da ɗayansu zai tsayar da rukunin shaguna a kasuwa ya ce kuɗin hayarsu na albashin ma'aikata goma ne da za su riƙa bin waɗannan yara, da ya bar ilimin da za a daɗe ana amfana da shi.

Ga ɗalibanmu masu shirin digiri na biyu da na uku kuma, musamman mata, ina ba su shawarar kada su raina wannan fage don ba a saurin yin suna a cikinsa. Moffitt ta yi kusan shekara takwas tana tare da yaran Dunedin kafin ta fitar da maƙalar da aka san ta da ita, kuma waɗanda suka rubuta jariran Soweto sai da suka jira fiye da shekara goma kafin yaran su shiga samartaka. Ku kuma 'yan jarida, ina roƙonku, duk lokacin da wani jami'i ko malami ko ɗan siyasa ya faɗa muku dalilin lalacewar matasa, ku tambaye shi yara nawa aka bi, a wace unguwa, tsawon wane lokaci. Ina kuma roƙon ka, ya Edita, ka tura wakilinka tsangayoyin ilimi da na likitanci a jami'o'inmu ya binciko ayyuka irin na abokiyar aikina da suka tsaya a hanya, ya buga abin da ya tsayar da su, ko Allah zai sa wani mai hali ya karanta ya ɗauki nauyin ɗaya daga ciki.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani malamin tsangayar ilimi,
Kano.